Sarƙar Ya Kaka da Keken Tabita

Aikin farko na yau: gwada jinin Ya Kaka, a ba ta kunu kafin magani.

Na yi wannan, ta koma barci, na jawo kujera bakin ƙofarta na zauna. Mama Ladi, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Ki yi haƙuri da yadda na buɗe wasiƙar. Tun ina makaranta ba na iya rubuta komai sai na fara ajiye aikin da ke gabana a saman takarda, in ba haka ba hannuna ba ya tafiya. Kwana biyun nan ko na ajiye ma ba ya tafiya. Na fara na yaga, na sake farawa na yaga, wannan kam ko yaya ta fito zan aiko miki.

Shekarata arba'in da ɗaya, ina da miji da 'ya'ya uku. Mu Hausawa ne Kiristoci, asalinmu wani ƙauye a kudancin Kano, muna haya a wajen birni, cocinmu ma a can yake. Amma aikina a cikin birni ne, a Mandawari. Shekara shida ke nan ina jinyar wata tsohuwa 'yar asalin Barno wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Kowa Ya Kaka yake ce mata. Ni kuma duk gidan Nas suke kirana, alhali iyakata sakandare da ɗan kwas na kula da marasa lafiya. Na sha gyara musu, sun ƙi ji, na haƙura. Sauran sunayen da za ki gani duk na canja su.

Akwai wata al'ada a unguwar nan da sai wanda ya zauna da su ya san ta. Ya Kaka tana da gwal, na lefenta, da na gadon mahaifiyarta, da wanda 'ya'yanta suka riƙa sayo mata. Ita ba ta sawa yanzu. Amma duk biki ko sunan da za a yi a layin, sai ki ji mata suna sallama, a ara musu ƙaramar sarƙar nan mai ganye, ko 'yan kunnen nan masu lilo, gobe kamun ƙanwarsu. Ni nake buɗe akwatin, ni nake miƙawa, ni nake karɓa in an dawo da kaya, yawanci da ɗan alkaki ko cincin a leda. Ba mai jin kunya. A wajen bikin ma kowa ya san sarƙar wace ce a wuyan wace, ba kuma wanda zai ce uffan. Ya Kaka takan ce ita daɗi take ji, tunda ƙafarta ta daina zuwa biki, gara kayanta su riƙa zuwa.

Yanzu sai in kawo miki Rifkatu, don in na bar ta a baya ban faɗi gaskiya ba. Tare muka yi makarantar kwana, gadonmu ɗaya, ita a sama ni a ƙasa. Ni nake koya mata lissafi. Mijinta ya samu buɗi a harkar kwangila, suka yi gida, suka yi komai. Cocinmu ɗaya, ƙungiyarmu ta zumuntar matan coci ɗaya. Ba ta taɓa wulaƙanta ni ba, wannan dole in faɗa. Amma duk Lahadin da aka ba da filin shaida, inda mutum ke faɗin abin da Allah ya yi masa, sai ta tashi. An sayi mota, an ɗora bene, babban yaro ya tafi karatu waje. Har launin motar takan faɗa. Ana guɗa, ina tafi tare da kowa, cikina yana ƙuna. Da safe hotunan da take ɗorawa a waya nake fara dubawa kafin in yi addu'a. Littafin da nake rubuta abubuwan yini, wanda a da ba komai a ciki sai awon jini da sunayen waɗanda zan yi wa addu'a, na duba baya na ga kowace Lahadi na rubuta abin da Rifkatu ta saka. Leshi ruwan toka. Sabuwar jaka. Ban san ranar da na fara ba.

Watan jiya aka yi bikin Nana Hauwa, jikar Ya Kaka. Ranar Asabar, ranar yini, ni ce mai tura kujerarta mai taya. Na shirya cikin atamfata mai kyau, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce Nas ɗinta ba za ta tsaya a bayanta da wuya kamar na kazar da aka fige ba. Ta sa na buɗe akwati, ta zaɓi babbar da kanta, mai faɗin nan, da 'yan kunnenta da awarwaro. A wajen yinin ba wanda ya kalle ni sau biyu. Wata ma taɓa sarƙar ta yi tana dariya, ta ce yau Nas ce da babbar, in kula da ƙugiyar don tana da saurin buɗewa, ita ma ta kusa zubar mata a bikin ɗanta. Da aka tashi Ya Kaka ta gaji, gida cike da baƙi, ta ce kada in buɗe akwati a gaban jama'a, in tafi da kayan gida in kawo Litinin.

Mama, ranar Lahadi da safe na riga na naɗe su a hankici. Tanko, mijina, ya fita da yara tun da wuri, don shi ke tayar da janaretan coci. Na gama shiri, na ɗaura ɗankwali, na tsaya gaban madubi. Ba zan ce Shaiɗan ya tura ni ba, da hankalina na kwance hankicin. Abin da na faɗa wa kaina shi ne barin gwal a gidan haya ba kowa ya fi haɗari, gara yana jikina. Abin da ke ƙarƙashin wannan kuwa, so nake in ga fuskar Rifkatu.

A ranar ake rufe taron farkawa na mako guda. Baƙon mai wa'azi aka gayyato daga wata jiha, duk makon a kan shuka iri yake magana: ka ba Allah abin da zai yi maka zafi, shi kuma ya buɗe maka ƙofar da ba ka zata ba. A zaman farko ni ma na fita da ambulan ɗin kuɗi. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, kunya ce ta fitar da ni don duk na layin kujerunmu sun tashi. To ranar Lahadin sai ya ce duk wanda Allah ya amsa masa a cikin makon ya fito. Ban motsa ba. Matan da ke gefena suka fara taɓa ni, wata ta kama hannuna ta ɗaga, awarwaron suka yi ƙara, Mama Fasto, matar fastonmu, ta hango ta yafito ni. Kafin in san abin da ake ciki ina gaba. Mutumin ya dube ni, ya juya ga jama'a ya ce ba sai na yi magana ba, wuyana ya riga ya ba da shaida. Sannan ya miƙo mini abin magana ya tambaye ni wa ya yi wannan. Na ce Allah ne. Aka ɗauki guɗa, masu kaɗa tulu da kacau-kacau suka tashi da waƙa.

Na yi ta juya amsar nan a raina. Wani lokaci in ce ai ban yi ƙarya ba, komai na Allah ne har gwal ɗin Ya Kaka. Wani lokaci in ce ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan ba, kuma a gaban bagade, wurin da ya fi tsarki a coci.

Rifkatu kuwa, wadda saboda ita na yi, tasowa ta yi da gudu ta rungume ni tana kuka. Ta raɗa mini cewa ta daɗe tana roƙa mini wannan rana. Na leƙa fuskarta da kyau, Mama, ina neman ko ɗan ɓurɓushin abin da nake ji in na ga nata. Babu. Murna ce zalla. Ban taɓa jin na ƙasƙanta kamar a lokacin ba.

Litinin na mayar da kayan akwati. Ya Kaka ta tambaya ko 'yan cocinmu sun yaba, ta ce da ma ta yi fatan in saka. Na ce sun yaba. Ta ji daɗi ƙwarai. Ita a wurinta abin da na yi daidai yake da abin da matan layinsu ke yi kullum, ba ta san a wurinmu ba a san aro ba. Da na koma sa 'yan kunnena na kullum, sai aka ce tawali'u ne, wasu ba kamar wasu ba. Zumuntar mata suka zaɓe ni uwar taro ta bikin godiyar kaka da ake yi bayan girbi, matsayin da Rifkatu ta daɗe tana riƙewa, kuma ita da kanta ta kawo sunana.

Tanko gyaran janareta yake yi. Ya san gaskiya tun ranar, don ya ga kayan da na shigo da su Asabar. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. A hanyar gida ya ce wani dattijo ya riƙe hannunsa ya ce ashe Tanko ma yana cikin manya, yake ɓuya a cikin baƙin mai. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Sai da muka kusa gida ya ce shi dai duk shekarun nan bai san wuyana yana jin sanyi ba. Daga nan bai sake tayar da maganar ba, sai shawara ɗaya: in yi shiru, kafin Kirsimeti mutane sun manta.

Da a nan abin ya tsaya da na bi shawararsa. Amma akwai Tabita, kuma ban gaya masa nata ba.

Tabita gwauruwa ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, ita kanta yarinya ce a kaina. Keken ɗinki ɗaya gare ta, na ƙafa, a rumfar ƙofar ɗakinta. Da shi suke ci, da shi yaran ke zuwa makaranta. Ita ke yi wa rabin zumuntarmu ɗinki, har atamfar da na sa ranar. Laraba bayan taron zumunta ta biyo ni har bakin titi, ta ce Yaya don Allah me na sa a ambulan ɗin nan, ta gan ni da na fita. Na ce ba wani abu ba ne, addu'a ce kawai. Ta ce haba Yaya, ita zan ɓoye wa? Ta ce ta gane, abin da ya yi mini zafi na bayar shi ya sa ba na son faɗa. Sannan ta gaya mini abin da ta yanke. Ba ta da kuɗi, amma tana da keke, kuma ranar godiyar kaka za ta sa a ɗauko shi a kai gaban bagade. Ta ce ta gaji da yanka leshin da ba za ta taɓa sawa ba, in Allah ya yi wa Yaya a cikin mako ɗaya, ita ma ai 'yarsa ce.

Na ce ta yi tunani. Ta ce ta yi. Na ce yara fa? Ta ce wanda ya ba ni gwal ba zai bar 'ya'yanta da yunwa ba. Mota ta tsaya, na shiga. Mama, na shiga mota na bar ta a tsaye tana ɗaga mini hannu.

Makon jiya na je gidanta da niyyar in faɗa mata. Na tarar ta wanke keken, ta shafa masa mai, har riga ta ɗinka masa da ragowar yadi. Ta daina karɓar ɗinkin Kirsimeti, wanda shi ne babban samunta na shekara. A gabana ta mayar da wata mata da atamfofinta. Ta kawo mini ruwa, ta ce wa yaranta su zo su gaishe da Mama mai albarka. Na sha ruwan, na tambayi lafiyar kowa, na taso.

Na zauna na jera wa kaina abin da ya ɗaure mini baki, ga su yadda suke ko da ba su da kyau. Rumfar Tabita nan ce matattarar labarin zumunta, ba don tana da mugun baki ba, mata ne ke zama jiran ɗinki. Abin da ta ji Litinin, kafin Lahadi kowa ya ji. Za a ce na aro kayan uwar ɗakina na zo na yaudari coci. Da ma akwai masu ganin bai kamata ina aiki a cikin birni ba, ina tsoron a taɓa Ya Kaka da baki alhali alheri kaɗai ta yi mini. 'Yata tana cikin mawaƙa, a gaban kowa take tsayawa. Tanko kuma ya sha kunya sau ɗaya, in sake ba shi ta biyu?

Sai kuma wannan, wanda ya fi rikita ni. Ni wace ce da zan hana mutum ya ba Allah? Tun muna yara ake koya mana yadda Ubangiji ya yaba wa gwauruwar da ta ba da ɗan abin da ya rage mata. In shaidata ƙarya ce amma bangaskiyar Tabita gaskiya ce fa? In na faɗa mata ta ce ashe duk shaidar da ake yi a coci haka take, ta daina zuwa, wa ya ɗauki wannan?

Na ƙarshen ina jin kunyar rubuta shi. Ina jin daɗin yadda ake gaishe ni yanzu. Jiya Ya Kaka ta ce ranar godiyar in zo in ɗauki babbar, ta ƙara mini da zobe. Ban ce a'a ba. Na ce sai na gani.

Wani lokaci kuma haushi ke taso mini. Rifkatu ta shekara da shekaru tana jera mana motoci a gaban bagade, ba wanda ya ce ta yi laifi. Ni sau ɗaya na yi. Bambancin kawai nata na gaske ne? In nuna dukiya a coci laifi ne, ai ita ta fara. In ba laifi ba ne, me ya sa abinci ya ƙi shiga? Ina cikin shafa wa Ya Kaka mai a ƙafa sai in ga na tsaya, sai ta ce Nas ina kika tafi. Saura mako uku bikin godiyar. Ki gaya mini abin da zan yi, Mama, ko da zafi.

Ya Kaka ta farka, tana kira. Ga abin da ya rage na gobe, tunda takardar nan ce a hannuna:

karɓo maganin Ya Kaka
shanya katifarta in rana ta fito
guge kayan makarantar yara
ba Mama Fasto amsa a kan uwar taro
Tabita

Taki,
Mai jinya a Mandawari

*

'Yata,

Ranar da wasiƙarki ta iso na tura miki wannan amsa ta waya, ban jira fitowar mujalla ba, don ɗinkin Kirsimeti ba zai jira mu ba. Na buga ta a nan ne saboda na san ba ke kaɗai ke tafi da hannu ciki yana ƙuna ba.

Bari mu rarrabe abubuwan, kin cuɗe su wuri ɗaya shi ya sa suka fi ƙarfinki. Aron sarƙa ba zunubi ba ne. Na zauna da mutanen birni, na san al'adar, ina kuma ganin kyanta. Mai abu ta san ba don wuyanta kaɗai aka ba ta ba, marar abu ta shiga taro ba a raina ta ba, kuma ba a yaudari kowa ba tunda kowa ya sani. Wannan na ƙarshen ne ya faɗi a hanya tsakanin Mandawari da cocinku. A can sutura ce, a wurinku an ɗauke ta shaida, ke kuma kin san haka za a ɗauka, shi ya sa kika saka. Ki daina auna "Allah ne" ɗin nan. Abin da jama'a suka tafi gida da shi, shi ne abin da kika faɗa, kuma ba gaskiya ba ne.

Sai dai laifin ba naki kaɗai ba ne. Ban san baƙon mai wa'azin ba, ba zan yanke masa hukunci ba, amma mutum ya kalli wuyan mace ya ce ya ba da shaida, wannan ba koyarwar Almasihu ba ce. Ubangijinmu bai taɓa auna kusancin mutum da Allah da abin da ya rataya ba. Shi kansa bai tara komai ba, kuma ya ja kunnenmu a kan son abin duniya fiye da yadda muke son tunawa. Baikon da ake ba Allah a coci godiya ce, ba ciniki ba.

Kin tambaya game da Rifkatu. Gode wa Allah a gaban jama'a abu ne mai kyau. Jera launin mota a gaban gwauraye da marasa aiki wani abu ne daban, kuma ya kamata wata rana mai ƙaunarta ya gaya mata a keɓe. Amma ba ke ba, ba yanzu ba. Muddin kina ƙyashinta, ko gaskiya kika faɗa mata da dafi za ta fito. Ki kuma yi mata adalci. Tana da rauninta wajen nuni, amma ta iya murna da alherin wani har da hawaye, wannan kuwa kyauta ce da ke kike nema yanzu.

Yanzu Tabita, don ita ce gaggawa. Gwauruwar da Ubangiji ya yaba wa ba ta ba da nata tana jiran a mayar mata da riɓi ba. Tabita ba kyauta za ta yi ba, saye za ta yi, kuma abin da aka nuna mata babu shi. Da bakinta ta ambaci leshi. Ciwonki ne ya kama ta: ke kin kalli Rifkatu, ita ta kalle ki. Keken nan shi ne ƙofar da Allah ya riga ya buɗe mata. Kina tsoron gaskiya ta girgiza bangaskiyarta. Ki yi tunanin watan Janairu, ba keke, ba gwal, ga kuɗin makaranta, ga ki kina wucewa ana ce miki mai albarka. A ranar ne za ta ce Allah yana son wasu ya ƙi wasu. In ta san gaskiya ta ce duk da haka za ta bayar, wannan tsakaninta da Allah da dattawan coci ne. Amma ba ki da ikon barin ta ta yanke shawara a kan ƙarya.

Ga abin da za ki yi. Kin sa Tabita a ƙarshen jerin aikinki, ki mayar da ita sama. Kafin ki je, ki zaunar da Tanko ki gaya masa maganar keken. Ya ce ki yi shiru ne don yana kare gidansa kuma bai san wannan ba. Mutumin da ke ci da kayan aikinsa ba sai an yi masa bayanin abin da keke yake a wurin tela ba. Ki kuma nemi gafararsa. Maganar sanyin wuyan nan ba wasa ba ce, ciwo ne ya faɗa da dariya.

Daga nan ki wuce rumfar Tabita a ranar. Kada ki zauna, kada ki karɓi ruwa, ki faɗa tun kina tsaye: sarƙar ta aro ce, ta uwar ɗakina ce, na mayar tuntuni, abin da ke ambulan kuma ɗan kaɗan ne, ki yafe mini. In ta yi fushi ki bar ta ta yi, tana da hakki. Kada ki roƙe ta ta rufa miki asiri, kin ɗora mata kaya ɗaya, ya isa. Ki tafi da yadin Kirsimetin yaranki a hannu, ki kuma nemi matar nan da Tabita ta mayar, da sauran irinta, ki ce musu Tabita ta ci gaba da karɓar ɗinki. Asarar da ta riga ta yi, da hannunki a ciki.

Sannan ki ga Fasto da Mama Fasto a keɓe, ki gaya musu duka, har da keken, don su yi tunani a kan abin da ya kamata coci ta karɓa daga hannun gwauruwa. Ina kyautata zaton ba su san an kai nan ba. Ranar Laraba a zumunta ki tashi ki gyara abin da aka ji a bainar jama'a. Magana uku ko huɗu, ki zauna. Ban da birgima da dogon kuka, kada tubar ma ta zama wani abin nuni. Ki faɗi a fili cewa tsohuwar alheri ta yi miki bisa al'adarsu, ke ce kika yi shiru inda ya kamata ki yi magana. Matsayin uwar taro ki mayar musu. In sun ce duk da haka ke suke so, ki yi da 'yan kunnenki.

Za a yi magana? Za a yi. Wasu za su yi dariya a bayanki, gaisuwar nan mai daɗi za ta ragu. Ba zan ce miki babu zafi ba. Ki riga kowa gaya wa 'yarki, ta ji daga bakinki. Abin da za ta koya a ranar ya fi abin da za ta rasa. Ya Kaka kuwa ki yi mata godiya, ki ce a wurinku ba a san aro ba sai a ɗauka taki ce. Ina jin dariya za ta yi. Bikin gaba na Mandawari, in ta ba ki, ki saka abinki.

Ƙyashin kansa ba zai tafi ranar Laraba ba. A ƙarƙashinsa ƙorafi ne muke yi wa Allah cewa bai yi rabo daidai ba. Gara ki faɗa masa haka a fili cikin addu'a da ki riƙa tafi kina ƙuna, ya saba jin irin wannan daga bayinsa. Ki daina buɗe hotunan Rifkatu na wani lokaci. Kowace safiya ki ambaci sunanta ki roƙa mata ƙari. Da farko bakinki zai yi nauyi, ki yi duk da haka. Ki kuma kai mata ziyara a ranar da ba ta kwalliya ba, ku zauna a kicin. Da wuya ki dawo ba ki ga wani kayan da take ɗauke da shi ba wanda ba ya fitowa a hoto.

Ki tashi ki je, 'yata. Allah ya ba ki ƙarfin hali a bakin rumfar nan, ya sanyaya zuciyar Tabita, ya yi wa aikin hannunta albarka, ya ba Ya Kaka sauƙi. Ke da Tanko da yara, Ubangiji ya kai ku Kirsimeti lafiya da zuciya sakayau.

Taki cikin Almasihu,
Mama Ladi